Fanel shida kawai rufina zai ɗauka: wanne zan saya?

Maman Husna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu sanin harkar sola ku taimaka mini da shawara kafin mu biya kuɗi. Tun duhun da aka yi a Arewa cikin Oktoban 2024, da muka kwashe sama da mako babu wuta har naman firiza ya lalace, ni da maigida muke tari, yanzu kuɗin sun kusa isa. A Kano muke, rufin kwano ne. Mai haɗa mana ya hau ya auna, ya ce manyan fanel shida ne kawai za su zauna a gefen da ke kallon kudu, don akwai tankin ruwa a gefe guda, ga kuma darbejiyar maƙwabta a ɗaya gefen. Ya kawo mana zaɓi biyu: mai wat 550 da ya kira mono PERC, da mai wat 585 da ya kira TOPCon, wai shi ne sabon yayi, efishensinsa ya fi. Bambancin kuɗin shidan ya kusa sayen fanel guda. Sai kuma ƙanin maigida ya gano wani a kasuwa an rubuta masa wat 650, kuma ya fi duka biyun araha. Kayanmu: firiza ɗaya, fanka huɗu, talabijin, ƙwayaye kamar goma, injin tura ruwa tanki, da ƙaramar AC mai doki ɗaya da muke so mu saya mu riƙa kunna wa Hajiyarmu da rana lokacin zafi, don tana fama da hawan jini. Wanne ya dace?

Ɗan Kantin Kwari: Wa alaikumus salam. Hajiya ki ɗauki 650 ɗin mana. Ya fi ƙarfi, ya fi araha, me kuma ake jira?

Injiniya Abu Fadil: Wa alaikumus salam. Hajiya, kafin a ce komai, ki sa ƙanin maigidan ya koma shagon da tef ɗin awo, ya auno tsawo da faɗin wannan mai 650 ɗin. Kada ya yarda a gaya masa da baki, ya auna da hannunsa.

Ga dalili. Duk lambar da kika gani a bayan fanel, an samo ta ne a ɗakin gwaji, inda ake haska masa haske mai ƙarfin wat 1000 a kan kowace murabba'in mita, zafin ƙananan ƙwayoyin cikinsa masu kama haske kuma yana digiri 25. Efishensi shi ne kashi nawa cikin wannan haske fanel ya iya juyawa ya zama wuta. Mai 550 na gaske tsawonsa santimita 228 ne, faɗinsa 113, wato murabba'in mita 2.58. Idan kika raba 550 da 2580 za ki samu kashi 21.3 cikin 100. Mai 585 ɗin girmansu ɗaya, shi ya sa nasa ya kai kashi 22.7. Ma'anar abin ke nan gaba ɗaya: fili ɗaya, wuta ta ɗan fi yawa.

Maman Husna: Na gode Injiniya. Na kira shi, ya ce gobe da safe zai je.

Mai Shagon Sola: Ni sayarwa nake yi, kuma zan faɗi abin da nake gaya wa masu saye ko da zai rage mini ciniki. Mutane suna ɗauka fanel mai efishensi sosai wutarsa ta fi ta ɗan'uwansa kyau ko ta fi cika batir da sauri. Ba haka ba ne. Wat 550 wat 550 ne, ko daga ƙaramin faranti ya fito ko daga babba. Wanda yake da fili, kamar mai gona da zai kafa a ƙasa ko mai rufin makaranta, ya raba kuɗin fanel da yawan wat ɗinsa, ya ga nawa kowane wat ya kama, ya sayi mai sauƙin cikin na gaske, ya ƙara guda ɗaya ko biyu. Ya fi wanda ya biya tsada riba. Hajiya, da rufinki zai ɗauki bakwai, da sai in ce ki sayi 550 guda bakwai, ki samu wat 3850, ya zarce 3510 ɗin da TOPCon shida za su ba ki.

Baba na Zariya: Wannan yaro ya faɗi gaskiya. Nawa tun 2017 aka ɗora su, irin shuɗayen nan ne da ake ce wa poli, guda takwas masu wat 260. Har yau suna ba ni wuta. Batir na canja, inbata na canja, amma farantan suna nan. Ban ga dalilin da za a ce sai sabon yayi ba.

Injiniya Abu Fadil: Allah ya ƙara lafiya Baba. Naka suna aiki, kuma za su ci gaba in sha Allahu, ban ce a cire su ba. Amma ka duba: poli na wancan lokacin kashi 16 ne ko kusa da haka. Takwas ɗinka sun cinye murabba'in mita 13, suna ba ka wat 2080. A rufin Hajiya mai mita 15 da rabi, irin naka ba za su kai wat 2500 ba, alhali TOPCon zai ba ta 3510. Kai fili ne da kai, ita kuwa babu. Maganar Mai Shago daidai take ga mai fili, kuma shi da kansa ya ce "da rufinki zai ɗauki bakwai". To bai ɗauka ba.

Sannan akwai wata lamba da ba a cika dubawa ba, kuma a ƙasarmu ta fi ba ni damuwa fiye da efishensin kansa: asarar da zafi ke jawowa. Mutane da yawa sun ɗauka zafin rana ne ke ba da wuta. Haske ne ke ba da wuta, zafi rage ta yake yi. A takardar bayanan kowane fanel akwai wajen da aka rubuta yawan abin da yake asara a kan kowane digiri da ya haura 25. PERC yana asarar kusan kashi 0.35, TOPCon kusan 0.29 zuwa 0.30, poli kusan 0.40. A Kano cikin Afrilu, iska na kai digiri 40, fanel a kan kwano kuwa yana kai 65 ba wahala, ba ka iya ɗora tafin hannu a kai ka bari. Digiri 40 ke nan sama da na ɗakin gwaji. Mai 550 zai zubar da kashi 14, ya dawo wat 473. Mai 585 zai zubar da kashi 11.6, ya dawo 517. Lokacin kuma shi ne daidai lokacin da ake son kunna wa Hajiyarsu AC.

Mai Shagon Sola: Injiniya ban musa lissafinka ba, amma a faɗa wa mutane girman abin. Da a ce dukansu 550 ne, bambancin zafin kawai wat 13 ne a kowane fanel. Guda shida wat 78, fanka ɗaya ke nan. Akwai amfani, amma ba abin da zai sa mutum ya ci bashi ba ne. Ƙura ta mako biyu a hunturu ta fi wannan ci.

Injiniya Abu Fadil: Na yarda, shi ya sa ban ce kowa ya saya ba. Amma ga ita, haɗa ƙarin wat 35 na efishensi da na zafin, a tsakar rana bambancin shidan ya haura wat 260. Ga lissafin gidanta a gurguje: firiza a zafin Kano kusan yunit 2 a rana, fanka huɗu in sun yi awa 12 kusan yunit 3 da rabi, ƙwayaye da talabijin yunit 1, injin ruwa yunit 1, AC na awa shida kusan yunit 4. Wajen yunit 11 da rabi ke nan. Arewa muna samun cikakkiyar rana ta awa biyar da rabi zuwa shida, sai ka cire kwata don asarar zafi, waya, ƙura da cajin batir. 550 guda shida za su ba da yunit 13 da rabi, TOPCon 14 da rabi. A bazara duka sun isa. A Agusta da hadari ke rufe sama kwana biyu uku a jere, na farkon zai sauko wajen 11, na biyun ya kusa 12. Sai dai a Agusta ba lallai a buƙaci AC awa shida ba. Don haka duka biyun za su yi, amma TOPCon ya bar mata sarari in an ƙara firji gobe, tunda rufin ba zai ƙaru ba.

Ummu Sadiq, Jos: Ni tambayata daban ce. Mai haɗa mini ya ce nawa masu fuska biyu ne, suna ɗaukar haske ta baya, na biya ƙari a kan haka. An kwantar da su a kan kwano. Ina amfana kuwa?

Injiniya Abu Fadil: Kaɗan ƙwarai, 'yar'uwa. Bayan yana buƙatar hasken da ya daki ƙasa ya dawo. In an manna shi da kwano, bayansa duhu ne. Inda yake biyan kuɗinsa shi ne a kan dekin siminti da aka shafa wa farin fenti, ko rumfar mota, ko a ɗaga shi sama da mita a kan farar ƙasa. Amma kuɗinki bai tafi a banza ba, don irinsu gilashi ne gaba da baya, sun fi jure danshi da tsufa fiye da masu bayan roba. Nauyi ne dai ya ƙaru, wajen kilo 32 maimakon 27 ko 28. Maman Husna ki tambaya, yawancin TOPCon da ke kasuwa yanzu masu gilashi biyu ne, shida sun kusa kilo 200 kafin a haɗa da ƙarfen da za a ɗaure su. A sa kafinta ya leƙa silin ya duba katakon, musamman in gara ta taɓa shi.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Mu nan Nijar mun sha wannan darasi tun Agustan 2023 da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulki. Kowa ya ruga sola, kasuwa ta cika da kaya, na kirki da na banza. Abin da na gani da idona a unguwarmu: gidaje biyu, faranti iri ɗaya, ɗaya yana cika batir kafin azahar, ɗayan har la'asar bai cika ba. Da aka hau, na biyun an shimfiɗa su ne kwance ba gangare, ƙura ta taru a gefen ƙasa ta daskare kamar laka, ga kashin tantabaru ya bushe a tsakiyar biyu daga ciki. An wanke, an ɗaga bayansu, magana ta ƙare. Don haka Hajiya, duk wanda kika zaɓa, ki tambayi kanki wa zai riƙa hawa yana wankewa daga Nuwamba zuwa Maris. In babu tsani da hanyar takawa a rufin, ba za a wanke ba.

Baba na Zariya: Haka ne. Jikana ke hawa duk Juma'a bayan asuba, da bokiti da tsumma mai laushi a kan sanda. Da sassafe, kafin gilashi ya yi zafi. Ba a zuba ruwan sanyi a kan faranti da tsakar rana, kuma ba a sa soson ƙarfe ko tsintsiya.

Injiniya Abu Fadil: Maganar Malam na Maraɗi a riƙe ta. Kano tana digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka a karkata fanel digiri 10 zuwa 15 yana kallon kudu. Ko ba don rana ba, gangaren na sa ruwan sama ya wanke shi. A kuma bar rata tsakaninsa da kwano, kamar santimita 10 zuwa 15, iska ta riƙa wucewa ta ƙasa. Na sha ganin an saya TOPCon don gudun zafi, sannan a ɗaure shi da waya kai tsaye a jikin kwano. An zubar da abin da aka biya wa kuɗi.

Maman Husna: Ya dawo daga kasuwa. Tsawon mai 650 ɗin santimita 196, faɗi 99. Ya ce takardar bayan ma kamar an liƙa ta a kan wata, gefenta ya ɗago.

Injiniya Abu Fadil: To alhamdulillahi da aka auna. 196 sau 99 bai kai murabba'in mita 2 ba, 1.94 ne. Kafin ya ba da wat 650 sai efishensinsa ya kai kashi 33 cikin 100. Mafi kyawun fanel da ake sayarwa a duniya yanzu yana wajen kashi 24 zuwa 25, kuma iyakar abin da silikon, sinadarin da ake ƙera ƙwayoyin fanel da shi, zai iya shi kaɗai, ko a lissafin masana, kusan kashi 29 ne. Wannan girman shi ne na tsofaffin fanel masu ƙwayoyi 72 da ke ba da wat 320 zuwa 340 in poli ne, ko kusan 380 zuwa 400 in mono ne mai kyau. Akwai mai 650 na gaske, har 700 ma, amma tsawonsa santimita 238 ne, faɗi 130, ya haura murabba'in mita 3, mutum ɗaya ba ya ɗaukarsa cikin sauƙi. Ɗan Kantin Kwari, ka ga dalilin arahar.

Ɗan Kantin Kwari: Innalillahi. Wallahi irinsa ne a shagona guda biyu, an rubuta 600, girmansu bai fi haka ba. Shi ya sa batir ba ya cika ke nan. Ta yaya mutum zai gwada tun a shago?

Mai Shagon Sola: Ɗan'uwa, abu na farko tef ɗin nan. Duk murabba'in mita ɗaya kada ka yarda da fiye da wat 230 in ba an nuna maka takardar kamfani ba. Na biyu, a fito da shi rana tsakanin sha ɗaya da ƙarfe ɗaya, a juya shi ya fuskanci rana sosai, a sa mita. Mai 550 na gaske, in ba a jona shi da komai ba, zai nuna bolt 45 zuwa 49 gwargwadon zafinsa. Amma bolt kaɗai ba ya tona asiri, ƙaramin fanel ma na iya nuna bolt mai yawa. Amfiya ce ke faɗin gaskiya. A haɗa bakin wayoyinsa biyu, a maƙala mitar nan mai baki kamar filaya. An rubuta kusan 14 a baya, in rana ta buɗe ya kamata ka ga 11 zuwa 13. In ka ga 7 ko 8, ka ajiye musu kayansu. Na uku, manyan kamfanoni irin su Jinko, LONGi, Trina, JA Solar da Canadian Solar suna sa lambar kowane fanel a ƙarƙashin gilashi, inda hannu ba ya kaiwa. A duba ta yi daidai da ta jikin firam da ta baya. 'Yan jabu sunan waɗannan kamfanonin suke bugawa saboda su aka sani. Mai shagon da ya hana ka gwadawa ya riga ya ba ka amsa.

Ummu Sadiq, Jos: Ni an ce mini in dai Tier 1 ne shi ke nan.

Injiniya Abu Fadil: Wancan jeri ne da BloombergNEF ke fitarwa na kamfanonin da bankuna suka yarda su ba da bashi a kan manyan ayyukan da aka yi da kayansu. Yana nuna kamfanin babba ne. Ba gwajin fanel ɗin da ke gabanki ba ne, kuma kowa na iya buga kalmar a kwali.

Malam Na Sakkwato: Ba wanda ya taɓo na hannu, waɗanda ake cirowa daga Turai. Rabin kuɗi ne, kuma an ce nasu ya fi na Caina ƙarko.

Mai Shagon Sola: Malam, yawancin na Turan ma daga Caina suka je, ita ke ƙera mafi yawan fanel na duniya. Akwai masu kyau a cikin na hannu, amma ba ka san shekarunsu ba, kuma tsagewar da ke cikin ƙwayoyi ido ba ya ganinta. Ka duba bayansa ko akwai tabon ƙuna, ko robar ta yi rawaya ta tsattsage, ko layuka kamar sawun dodon koɗi a fuskar. Ga mai fili da ƙaramin jari suna da rana. Ga Hajiya mai gurbi shida kawai, a'a, kusan dukansu 250 zuwa 300 ne.

Maman Husna: To maganar garanti fa? Mai haɗawar ya ce na TOPCon shekara 30, na ɗayan 25.

Injiniya Abu Fadil: Garanti biyu ne ake haɗawa a baki ɗaya. Na kayan kansa, wato in ya lalace, yawanci shekara 12 ne, wasu 15. Na 25 da 30 ɗin alkawarin ƙarfi ne: PERC ana cewa zai ragu kashi 2 a shekarar farko, sannan 0.55 duk shekara, ya rage kusan kashi 85 bayan shekara 25. TOPCon kashi 1 a farko, 0.4 duk shekara, kusan kashi 87 bayan shekara 30. Yana nuna ya fi jinkirin tsufa. Amma a aikace, wanda za ki iya kamawa shi ne dilan da ya sayar miki, don haka ki karɓi rasit da aka rubuta lambar kowane fanel a kai.

Saura abu ɗaya da zai iya rusa duk wannan magana: me zai karɓi wutar? Ki turo mini bayanan inbatar. In aka jona mai 550 da ƙaramar kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, irin wadda ake ce wa PWM, a kan batir mai bolt 24, za ta ja shi ƙasa zuwa bolt ɗin batir. Amfiya 13 sau bolt 27, wat 350 ke nan daga fanel mai 550. Asarar ta ninka bambancin PERC da TOPCon sau da yawa. Dole MPPT, wato irin kwantirolar da ke karɓar ƙarfin fanel ba tare da ta ja shi ƙasa zuwa bolt ɗin batir ba.

Maman Husna: Inbata mai kilowat 5 ce, bolt 48, ya ce MPPT ɗin na ciki. A jikin kwalin an rubuta bolt 120 zuwa 450, sannan mafi yawa 500.

Injiniya Abu Fadil: Ta yi. A jera shidan a layi ɗaya, kowanne kusan bolt 52, jimla 312. Da sanyin asubar Janairu bolt na ɗan hawa, kashi 3 ko 4, har yanzu yana nesa da 500. Amma layi ɗaya yana da sharaɗi: inuwa a kan guda ɗaya tana jan sauran. Ki sa wani ya hau rufin ƙarfe tara, sha biyu da uku, ya zana da alli inda inuwar tanki da ta darbejiya ke faɗawa. Ki tuna a Disamba rana na karkata kudu, inuwa ta fi tsawo fiye da yanzu. A yi magana da maƙwabta cikin mutunci a rage reshen da ya leƙo. Waya kuma ta jan ƙarfe zalla mai kaurin murabba'in milimita 6, ta sola, da abin katse wutar DC da kariyar tsawa, a kuma binne ƙarfen ƙasa.

Baba na Zariya: 'Yata, ni da na ce ba dole sai sabon yayi ba, ga rufinki na ga hujjar Injiniya. Amma kada ki rage kuɗin batir don ki sayi faranti. In kuɗin bai kai duka ba, ɗauki 550 na gaske ki sa ragowar a batir mai kyau.

Maman Husna: Na gode Baba, Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Mun yi magana da maigida, batirin litiyom ɗin yana cikin lissafi tun farko, don haka za mu ɗauki TOPCon shidan, mu ɗage sayen AC zuwa wata mai zuwa. Ranar Asabar za mu je da tef da mita. Injiniya, amfiya nawa ya kamata mai 585 ya nuna?

Injiniya Abu Fadil: A bayansa za ki ga Isc, wato amfiyar da yake bayarwa in an haɗa bakin wayoyinsa biyu, kusan 14. In sama ta yi garau, 11 zuwa sama ya yi. In akwai hazo, a gwada shi gefe da gefe da wani da aka tabbatar na gaske ne, a lokaci guda. Kuma a gwada duka shidan, ba wanda mai shago ya zaro kawai ba.